Raba gari da Ingila: da wane kuɗi za a ci kasuwa washegari?

Ranar Alhamis 18 ga watan Satumba na shekara ta 2014 aka miƙa wa mutanen Sikotlan wata ƴar takarda mai ɗauke da tambaya guda tak: shin ya kamata ƙasarsu ta zama mai mulkin kanta? Amsa kuwa i ko a'a. Sikotlan, wadda waɗanda suka yi lakwal suka fi sani da sunan Ekos, ita ce arewacin tsibirin da Ingila take a kai. Mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, cikin tarayyar Birtaniya da ta haura mutum miliyan 60. Da aka buɗe akwatuna, mutum 2,001,926 sun ce a'a, 1,617,989 sun ce i, wato kashi 55 cikin ɗari da kashi 45. Kusan kashi 85 na masu rajista sun fita, har da samari da ƴan mata masu shekara 16 da aka ba dama a karo na farko. Ba a yi harbi ba, ba a sace akwati ba, kuma washegari jagoran ƴan aware, Alex Salmond, ya ce zai sauka daga mulki.

An ce wannan zaɓe ya raba gardama. Bai raba ba. Har yanzu mutanen ƙasar a rabe suke kusan gida biyu daidai, kuma tambayar tana nan inda aka bar ta. Tambaya ce da ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati fiye da kowa, domin su biyun ne suke fara jin zafi duk lokacin da aka taɓa kuɗi, ko iyaka, ko albashi.

Kafin a yi maganar fita, sai a duba yadda aka shiga. Tun shekara ta 1603 Ingila da Sikotlan suke da sarki ɗaya, amma kowace da majalisarta da kuɗinta. A ƙarshen ƙarni na 17 attajiran Sikotlan suka ga Ingilishi da Holandawa suna tara dukiya da fataucin teku, su ma suka ce sai sun yi. Suka kafa kamfani, jama'a suka zuba fam 400,000, kuɗin da ya kai wani babban kaso na dukan abin da ƙasar ta mallaka. A 1698 jiragen ruwa biyar suka tashi da mutum 1,200 zuwa wani wuri da ake kira Dariyen, a ƙasar Panama ta yau, da niyyar kafa zangon fatake tsakanin tekuna biyu. Zazzaɓi da yunwa da sojojin Sipaniya suka gama da su. Sarkin nasu, wanda shi ne kuma sarkin Ingila, ya hana yankunan Ingila na Amurka su kai musu ko ƙwayar hatsi. Mutum wajen 2,000 suka halaka, jari ya narke. A 1705 majalisar Ingila ta ƙara da barazanar rufe kasuwarta ga shanu da gawayin ƙasa da yadin Sikotlan. Shekara biyu bayan haka, ranar 1 ga Mayu 1707, aka haɗe majalisun biyu, kuma cikin yarjejeniyar Ingila ta biya fam 398,000 da ɗoriya, wanda kaso mai yawa ya tafi ga waɗanda suka yi asara a Dariyen. Sikotlan ta riƙe shari'arta da cocinta da makarantunta, ta ba da majalisa da kuɗi, ta samu kasuwa. Auren dai ciniki ne ya ɗaura shi, kuma babu mamaki in aka ga ciniki ne yake hana a kashe shi.

Sauran tarihin gajere ne. A 1997 kashi 74 suka amince a maido musu da majalisa a birnin Edinbara, ta fara zama a 1999, tana kula da lafiya da ilimi da ƴan sanda, Landan kuwa tana riƙe da soja da kuɗi da harkokin waje. A 2011 jam'iyyar ƴan aware ta SNP ta samu kujera 69 cikin 129. A watan Oktoba na 2012 Firaminista David Cameron ya sa hannu da Salmond cewa za a yi zaɓe, kuma kowa zai karɓi abin da ya fito. A lokacin ƙididdigar ra'ayi tana nuna masu son fita ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, shi ya sa Landan ta yarda ba tare da dogon ciniki ba.

Gwamnatin Edinbara ta buga littafi mai shafi fiye da 600 tana bayanin yadda sabuwar ƙasa za ta kasance. Duk da kaurinsa, tambaya ɗaya ta kayar da shi. Salmond ya ce za a ci gaba da amfani da fam, da babban banki ɗaya, cikin yarjejeniya da Landan. A watan Fabrairu na 2014 ministan kuɗi George Osborne ya je har Edinbara ya ce ba za a yi ba: wanda ya bar gida ya bar fam. Sauran manyan jam'iyyu biyu na Landan suka mara masa baya a rana guda. A muhawarar talabijin ta watan Agusta, Alistair Darling, tsohon ministan kuɗi kuma shi ma ɗan Sikotlan, ya yi ta maimaita wa Salmond tambaya ɗaya, cewa in Landan ta ƙi, mene ne shiri na biyu? Salmond ya ce cika baki ne kawai Landan take yi, kuma babu mai iya hana Sikotlan kashe fam. Wannan gaskiya ne, amma rabinta. Kowa na iya kashe kuɗin wani, kamar yadda naira take yawo a kasuwannin Maraɗi da Ƙonni ba tare da iznin kowa ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mai kashe kuɗin wani ya sa baki cikin darajarsu, ko ya buga ƙari ranar da bankunansa suka durƙushe. Mutanen Sikotlan kuwa ba su manta ba cewa a 2008 babban bankinsu na kasuwanci, RBS, ya kusa rushewa, kuma baitulmalin Birtaniya ne ya zuba masa fam miliyar 45. Ana saura mako guda zaɓe, wannan banki ya ba da sanarwar cewa in aka ce i, zai mayar da rajistarsa Ingila.

Wanda ya ga watan Janairu na 1994 a ƙasar nan ba ya bukatar dogon bayani. An kwana faran na Faransa yana sefa 50, aka wayi gari yana sefa 100. Ma'aikaci ya karɓi albashinsa cif, amma magani da kayan gyaran mota da takardar makaranta sun tashi. Ɗan kasuwar da ya ci bashi a waje ya tarar bashin ya ninka. Kuɗin da ake tarayya a kansu suna da daɗi ranar da suke da ƙarfi, amma ranar yanke hukunci ƙaramin abokin tarayya saurare kawai yake yi. To, abin da Salmond ya yi wa mutanensa tayi ke nan, ko ma ƙasa da haka. Wata hanyar ita ce buga sabon kuɗi, sai dai wanda ya ci bashin gida da fam, za a kuma biya shi albashi da kuɗin da ba a san darajarsa ba, yana da dalilin yin shakka. Misalin Cekoslobakiya ma bai ƙarfafa wa kowa gwiwa ba: ƙasashen biyu sun rabu cikin lumana ranar 1 ga Janairu 1993 da alkawarin riƙe kuɗi ɗaya, amma jama'a suka yi ta kwashe ajiyarsu zuwa ɓangaren Cek, aka raba kuɗin ranar 8 ga Fabrairu. Kwana 38 alkawarin ya yi.

Sai maganar man fetur, inda kowane ɓangare yake da abin faɗi. Tun shekarun 1970 ake haƙo mai a Tekun Arewa, mafi yawansa a ruwan da ke gefen Sikotlan, harajinsa kuwa Landan yake tafiya. A 1974 wani masanin tattalin arziki na gwamnati, Gavin McCrone, ya rubuta rahoto cewa da Sikotlan za ta zama ƙasa, man zai sa ta yi rarar kuɗi mai yawan gaske. Aka kulle rahoton cikin durowa, bai fito ba sai 2005. A tsallaken teku, Norwe, wadda yawan mutanenta kusan ɗaya ne da na Sikotlan, ta buɗe asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, kuma a 2017 abin da ke ciki ya haura dalar Amurka miliyar 1,000. Birtaniya ba ta ajiye kome ba, ta kashe nata cikin kasafin kowace shekara. Duk ɗan Sikotlan da ya ce an cuce shi a nan, ba ƙarya ya yi ba.

Amma ranar da ya kamata a yi wannan lissafi ta wuce da shekara 40. Littafin gwamnati ya ɗora kasafin sabuwar ƙasa bisa gangar mai ta haura dalar Amurka 100, da harajin da zai kai wajen fam miliyar 7 a shekara. Ba a rufa shekara biyu ba ganga ta faɗo ƙasa da dala 30, a watan Janairu na 2016, kuma kason Sikotlan na harajin mai a kasafin 2015 zuwa 2016 bai wuce fam miliyan 60 ba. Miliyan, ba miliyar ba. Da an ce i, ranar da aka tsayar ta ƴancin kai ita ce 24 ga Maris 2016, wato daidai tsakiyar wannan faɗuwa. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti ne za su fara ji a jikinsu. Ƙasar da ta taɓa gina kasafinta bisa farashin yuraniyom, ta ga abin da ya biyo bayan 1980, ta san wannan ciwo.

In aka duba waɗanda suka ce i da waɗanda suka ce a'a, sai a ga abin ya bi aljihu. Cikin gundumomi 32, huɗu kaɗai suka ce i, ciki har da Gilasgo da Dandi, biranen da masana'antunsu suka mutu, talauci ya yi yawa. Edinbara ta bankuna da ofisoshi ta ce a'a, haka ma yankunan kan iyaka da suke cin kasuwa da Ingila, haka ma tsofaffi masu karɓar fansho. Wanda ba shi da abin asara ya zaɓi canji, mai abin asara ya riƙe abin da ke hannunsa. Bai kamata a kira na farko mahaukaci ba, ko na biyu matsoraci.

Zuwa nan, mai karatu zai ce ai masu a'a sun yi gaskiya, magana ta ƙare. Da ta ƙare, in da tarayyar ta tsaya inda take. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin masu a'a ita ce, in Sikotlan ta fita daga Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai ke nan, sai ta sake bin layi. Mutane da dama sun ce a'a domin kada su rasa Turai. Ranar 23 ga Yuni 2016, wata 21 kacal bayan haka, aka yi wani zaɓen: Birtaniya baki ɗaya ta ce a fita daga Turai da kashi 52, Sikotlan ta ce a zauna da kashi 62, kuma babu gunduma ko ɗaya cikin 32 ɗin nan da ta zaɓi fita. Aka fita da su ranar 31 ga Janairu 2020. Wannan shi ne abin da masu wa'azin zaman tarayya ba sa son a ambata. Wanda ya ce a'a yana zaton ya zaɓi zama wuri ɗaya, ashe ya zaɓi ya ci gaba da zama a bayan motar da wani yake tuƙawa. Inda mutum 8 cikin 10 na fasinjoji suke Ingila, ba a tambayar na kujerar baya hanyar da za a bi.

Sai dai fitar daga Turai, wadda ta ƙara wa ƴan aware hujja, ita ce kuma ta ƙara wa awaren tsada. A 2014, da an rabu kuma an karɓi Sikotlan a Turai, ƙasashen biyu suna cikin kasuwa ɗaya, babu duwan tsakaninsu. Yanzu in Sikotlan ta fita ta koma Turai, iyakarta da Ingila, mai tsawon kilomita 154, za ta zama iyakar Tarayyar Turai, da takardu da binciken kaya. Kusan kashi 60 na abin da Sikotlan take sayarwa a waje, sauran Birtaniya yake zuwa. Abin da ke zuwa Turai bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ɗan kasuwar da ya taɓa ganin manyan motoci jere a Ɗan Isa lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka a 1984, ko a 2019, ya san cewa layin da aka ja a taswira yana iya cinye ribar shekara. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙasar nan ma ta taɓa tsayawa gaban irin wannan akwati. Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya tambayi ƙasashen da Faransa take mulka: ko su shiga sabuwar tarayya da Faransa, ko su ɗauki ƴanci nan take, su rasa taimako. Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a, Diori Hamani da RDA da mafi yawan sarakuna suka ce i. An ba da sakamakon cewa kashi 78 sun ce i, alhali waɗanda suka fita ba su kai kashi 40 ba, kuma masana tarihi sun nuna irin matsin da gwamna Colombani da ma'aikatansa suka yi. Gine ce kaɗai ta ce a'a; Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kayanta cikin ƴan watanni, a 1960 Gine ta buga kuɗinta, ta sha wuya shekara da shekaru. Ba za a haɗa mulkin mallaka da zaman Sikotlan ba, wadda take da wakilai a majalisar Landan, har ta ba Birtaniya firaministoci. Abin da ya yi kama shi ne ƙasan maganar: wa zai sayi gyaɗa, wa zai biya albashi, da wane kuɗi. Abin da ya bambanta kuwa ya fi girma. A 2014 an bar mutane sun auna da kansu.

Ƙasar da ta fi dacewa a kwatanta da Sikotlan tana maƙwabtaka da ita. Ayalan ta fita daga wannan tarayya a 1922, bayan yaƙi, ta kuma faɗa yaƙin basasa. Ta ɗaure kuɗinta da fam ɗaya bisa ɗaya har 1979, wato shekara 57 tana da tuta amma Landan ke yanke darajar abin da ke aljihunta. Daga 1932 zuwa 1938 ta yi rigimar haraji da Birtaniya, makiyayanta suka rasa inda za su kai shanu. Cikin shekarun 1950 kaɗai mutum wajen 400,000 suka bar ƙasar neman aiki, mafi yawansu Ingilar da aka rabu da ita suka nufa. Sai bayan ta shiga kasuwar Turai a 1973, ta zuba jari a makarantu, ta jawo kamfanonin waje, sannan ta miƙe cikin shekarun 1990. Yau tana cikin ƙasashe masu arziki na Turai, kuma babu wata jam'iyya a can da take neman a koma ƙarƙashin Landan. Ƴan awaren Sikotlan suna son ambaton wannan ƙarshe. Shekara 50 na farko ne ba sa so a taɓo.

To, ina gaskiya take? Ƙanƙanta ba ta hana ƙasa tsayawa. Sikotlan tana da jami'o'i tun ƙarni na 15, da kotuna, da ma'aikata, da iska da ruwa masu ba da lantarki. Wanda ya ce ba za ta iya ba, raini ne. Amma iyawa daban, farashi daban. Masu a'a na 2014 sun yi daidai da suka ƙi sayen kaya cikin buhu, tun da mai sayarwa ya kasa faɗin kuɗin da za a biya. Ƴancin da ya cancanci a kaɗa masa ƙuri'a shi ne wanda jagoransa zai tsaya ya ce: shekara 10 ko 20 na farko za a sha wuya, haraji zai hau, ga kuɗin da za a kashe, ga wanda zai biya fansho, ga inda za a kafa duwan, amma duk da haka ya fi. In mutane suka ji wannan suka ce i, sun san abin da suka saya. Wanda ya ce za a fita ba tare da an rasa kome ba, ga fam, ga sarauniya, ga kasuwa, ga mai, bai bambanta da waɗanda suka yi wa Ingilishi irin wannan alkawari a 2016 ba.

Landan ma tana da nata laifi. Nicola Sturgeon, wadda ta gaji Salmond, ta nemi a sake zaɓe, firaministoci bi da bi suka ƙi, suna cewa an riga an yi na wannan zamani. Ranar 23 ga Nuwamba 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisar Edinbara ba ta da ikon kiran zaɓen sai da yardar Landan. Ta fuskar doka hukuncin a fili yake. Amma tarayyar da ake cewa ta son rai ce, in aka tambayi ta wace ƙofa ake fita aka rasa amsa, sunan ya fara zama na aro. Ga Ayalan ta Arewa an rubuta sharaɗi tun yarjejeniyar 1998, cewa in alamu suka nuna rinjaye yana son haɗewa da kudu za a kira zaɓe. Ga Sikotlan ba a rubuta kome ba.

Ƴan aware dai sun ɗan matsa kusa da faɗin gaskiya. Cikin takardar da gwamnatin Edinbara ta fitar a watan Oktoba na 2022, ta amince cewa za a riƙa binciken kaya a manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasar da Ingila, ta kuma ce za a fara da fam na Birtaniya ba tare da yarjejeniya ba, daga baya a buga fam na Sikotlan da zarar hali ya yi. Ba ta faɗi shekara ba, ba ta kuma faɗi nawa sabon zai yi in aka kai shi wurin ƴan canji ba.